Endowment: wakafi za mu ce ko hubusi?

Salamu alaikum 'yan'uwa masu aikin fassara. Kwana biyu kalma ɗaya ta hana ni sakat, na ga gara in baje ta a faifai.

Ina fassara bayani ne kan hanyoyin taimaka wa wata gidauniya a Amurka, American Psychological Foundation, wadda aka kafa a 1953, tana ba ɗalibai da masana tallafin bincike a ilimin halayyar ɗan Adam. Yawancin hanyoyin ba su wahalar da ni ba. Akwai mai bayarwa sau ɗaya, akwai wanda ake cire masa duk wata, wani ya ba da hannun jari, wani ya bar wasiyya, wani ya bayar da sunan mamacinsa. Duk muna da kalmominsu. Inda na cije shi ne endowment.

Kuɗi ne da ba a kashewa. Ana juya su, a bar uwa, ribar kawai ake ci. Jami'o'in Amurka galibi kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari suke cira a shekara, wato wanda ya ajiye dala dubu 100 ya samar wa wani ɗalibi dubu 4 ko 5 duk shekara, har bayan ransa. Wannan fanni kuwa yana bukatar irin wannan kuɗi, domin halin mutum ba a gane shi a wata shida. Akwai binciken da jami'ar Harvard ta fara tun 1938 tana bin rayuwar mutane, har yau ba a rufe shi ba. Kuɗin da aka tara rana ɗaya a taron ƙaddamarwa ba za su riƙe aiki irin wannan ba.

To, wace kalma za mu ba endowment? Gudummawa ta yi faɗi da yawa. Asusun tallafi kuma ana iya kwashe shi tas. Wata 'yar'uwa ta kawo sadaka mai gudana, na ce mata Hajiya, wannan ladan take siffantawa, ba tsarin ajiyar ba.

Saura wakafi da hubusi. Duka biyun daga Larabci suke, ma'anarsu tsayarwa da tsarewa, kuma hubusi ne ya fi yawa a littattafan Malikiyya. Shi ya sa Kano take da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara kuma suke cewa Zakka da Wakafi. A Zamfara ma sunan hukumar na Turanci da kalmar endowment ɗin aka rubuta shi, kun ga an riga mu haɗa su. Asalin abin kuma gonar Sayyidina Umar ce ta Khaibar, da Annabi (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. A bar uwa, a ci riba.

Wani malamina da nake girmamawa bai yarda a kira shi wakafi ba. Ya ce wakafi ibada ce da sharuɗɗanta, waɗannan gidauniyoyi kuwa wani ɓangare na jarinsu a harkar kuɗin ruwa yake, kada mai karatu ya ɗauka an halatta masa. Maganar ta tsaya mini a rai, ban raina ta ba. Abin da na ce masa shi ne, Allah gafarta Malam, kasuwa ma akwai ta halal akwai ta haram, ba mu canza mata suna ba. Larabawa kansu wakafi suke kiran asusun endowment na jami'ar Harvard a jaridunsu.

Don haka na tsaya a kan wakafi, saboda ya fi hubusi shiga kunnen mutanen Nijar da Gana. A fassarata na rubuta "wakafin bincike", farkon ambatonsa na ƙara da "wato asusun dindindin da ba a taɓa uwar kuɗinsa". Mutanen Kano, idan kuna da hujjar da za ta dawo da ni kan hubusi, ina sauraro kafin in miƙa aikin ranar Litinin.