Neman shawara: za a rage min dasashi da lesa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dasashina ya yi kauri har ya rufe kusan rabin haƙoran gaba, yana jini in na goge baki. Likita ya ce za a rage shi da hasken lesa. Akwai kuma tsohon cikon ƙarfe a turmina da ya tsage. Lesar za ta yi duka biyun? Ina shan amlodipine saboda hawan jini.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, fara duba batun maganin nan tukuna. Amlodipine da nifedipine na hawan jini, har da phenytoin na farfaɗiya, suna iya sa dasashi ya yi kauri. In aka yanke ba a duba wannan ba, zai iya sake tsirowa. Likitan haƙori ya tuntuɓi mai duba hawan jininka ko za a canja maka wani, amma kada ka daina sha da kanka. A fara kuma kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, domin sau da yawa kumburin yakan ragu kafin a zo batun yanka.

Amsa ta 2: Cikon ƙarfe kam ba aikin lesa ba ne. Akwai zaiba a cikinsa, zafi zai tayar da tururinta, don haka da injin gurza haƙori ake cire shi.

Lesar ma iri-iri ce, ka tambaya wacce za su yi amfani da ita. Diode, mai nanomita 810 zuwa 980 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne), nama kawai take yanka, tana toshe ƙananan jijiyoyin jini yayin da take tafiya, shi ya sa jini kaɗan ne kuma galibi ba a ɗinki. Er:YAG mai nanomita 2940 ita ke iya cin haƙori da ƙashi, da feshin ruwa. Inda ake samun matsala shi ne zafi: in aka daɗe a wuri ɗaya nama ya yi baƙi, ciwon bayan aiki ya ƙaru. Cikin haƙori in zafinsa ya ƙaru da digiri 5.5 kacal a ma'aunin Celsius, jijiyarsa na iya lalacewa. Sannan dole a auna inda ƙashi yake, a bar kusan milimita 3 tsakaninsa da sabon bakin dasashi, in ba haka ba dasashin ya dawo ko ya riƙa kumbura. Allurar kashe zafi dai za a yi maka. Tabarau na musamman don kare ido wajibi ne, naka da na masu aikin.

Amsa ta 3: Bayan aikin za ka ga wani farin abu mai ɗan rawaya ya lulluɓe wurin. Ba mugunya ba ce, warkewa ce, kada ka kankare. Bayan awa 24 ka riƙa kurkure baki a hankali da rabin ƙaramin cokalin gishiri a kofin ruwa mai ɗumi. Ka guji abu mai zafi da yaji da taba. Cikin mako 1 zuwa 2 saman zai rufe. In ka ga zazzaɓi, ko ciwo na ƙaruwa bayan kwana 3, ko jini ya ƙi tsayawa, koma asibiti.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara da batun maganin.