Neman shawara: intanet yana gudu a wayata, amma yana rarrafe a tsohuwar kwamfutata

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni malamar makarantar sakandare ce a Zariya, kuma ina karatun digiri na biyu wanda yawancin laccocinsa ta intanet ake yi. Kwamfutar tafi-da-gidanka da nake aiki da ita ƙirar 2013 ce, ta hannu na saye ta, ram ɗinta (wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita) gigabait 4 ne, kuma Windows 10 ke kanta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na ajiye wayata da kwamfutar a kan teburi ɗaya, duka biyun suna jan intanet daga ƙaramar na'urar Wi-Fi ɗaya, gwajin gudun intanet na shafin fast.com yana nuna megabit 18 a waya, amma a kwamfutar da ƙyar yake kaiwa 2. Wani ya ce in canza layi, wani kuma ya ce in sayi sabuwa, alhali ba ni da halin hakan yanzu. Ina roƙon masana su taimaka mini.

Mai gyaran kwamfuta daga Kano: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki canza layi, domin gwajin da kika yi ya riga ya wanke shi: da layin ne ke da laifi, da wayar ma ta yi nauyi. Kafin ki kashe ko kwabo, ki haɗa wayar da kwamfutar da kebul ɗin caji, ki kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, ki kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar, sannan ki sake gwadawa. Idan gudun ya tashi, to matsalar tana ɓangaren Wi-Fi ne kawai. Da yawa daga kwamfutocin wancan lokaci zangon siginar Wi-Fi na gigahaz 2.4 kaɗai suke kamawa, wanda ya cika da cunkoson na'urorin maƙwabta da na Bluetooth, yayin da wayoyin yanzu ke iya hawa zangon gigahaz 5 idan na'urar gida tana bayar da shi.

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Malama, ni kuma ina zargin akwai abin da ke shan datar a ɓoye. Ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, ki duba layin da ke nuna yawan intanet ɗin da kowace manhaja ke ja, domin sau da yawa sabuntawar Windows ko manhajar da ke kwafe fayiloli zuwa ma'ajiyar intanet ce ke cinye hanyar. Akwai kuma abin da mutane ke mantawa da shi: idan kwamfuta tana kan batir, tsarin tattalin wuta yana iya rage ƙarfin katin Wi-Fi, kuma a inda ake yawan ɗauke wuta kusan kullum a batir ake aiki. Ki gwada ta tana jone da caja, ki kwatanta.

Wani injiniya: 'Yar'uwa, na yarda da waɗanda suka gabace ni, sai dai ina so ki raba abu biyu da ake yawan haɗawa, wato jinkirin intanet da jinkirin ita kanta na'urar. Ram gigabait 4 da tsohon faifan ajiya mai juyawa sun isa su sa shafi ya daɗe bai buɗe ba ko da intanet yana da kyau, musamman idan an buɗe shafuka goma a burauza ana kuma kallon lacca. Ƙurar hunturu ma tana toshe fanka, injin ya yi zafi, ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Sanya SSD (faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa) da ƙara ram zuwa gigabait 8 za su sauya ta sosai, amma ba su ne za su mayar da megabit 2 ya koma 18 ba. Ki kuma sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, wanda batun tsaro ne da ya kamata ki yi tunani a kai daga baya.

Wata 'yar'uwa: Don Allah Malama, ki guji manhajojin da ke alkawarin ƙara gudun intanet. Na taɓa saka ɗaya, tallace-tallace kawai ta cika mini kwamfuta da su.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Na yi gwaje-gwajen da yammacin nan. Ta kebul na samu megabit 16, ta Wi-Fi a kan caja na samu 4, kuma ban ga wata manhaja da ke jan data ba. Na kuma lura cewa alamar Wi-Fi ɗin sanda biyu kawai take nunawa, duk da na'urar tana gefen kwamfutar. Ko wannan yana da alaƙa da gyaran maƙallin murfinta da aka yi bara bayan ya karye?

Mai gyaran kwamfuta daga Kano: To Malama, ina ganin kin kamo bakin zaren. Eriyar Wi-Fi a cikin murfin take, gefen allo, kuma siraran wayoyi biyu, galibi baƙa da fara, su ne ke bi ta cikin maƙallin su sauko zuwa katin. Idan maƙalli ya karye, yakan tsinke ɗaya, ko kuma mai gyara ya manta bai mayar da bakin wayar eriyar a kan katin ba, sai sigina ta yi rauni ko da kina kusa. Ki kai kwamfutar a buɗe ta a gabanki a duba wayoyin nan biyu, a kuma hure ƙurar fankar tunda an riga an buɗe. Idan wayar eriyar ta tsinke, ƙaramar na'urar Wi-Fi ta USB mai zango biyu za ta wadatar da ke, amma ki sa mai shago ya gwada ta a kwamfutarki kafin ki biya. Laccar wannan makon kuwa, ki halarce ta ta kebul.