Musayar waƙa a kan Tom Wills na Ostireliya, ɗan wasan kurket da ke cikin waɗanda suka tsara dokokin ƙwallon ƙafa irin na Ostireliya

Mai Alƙalami: Ga baiti, wanda ya isa ya amsa.

Da sunan Allah zan waƙe gwanin Ostireliya,
Tom Wills, haihuwar 1835, ɗan makiyaya.
A makarantar Rugby ya yi karatu, can ƙasar Birtaniya,
Kurket da ƙwallo ya haɗa su a hannu ɗaya.

Hajiyar Damagaram:

Gwanin me? Ƙwallo mai siffar ƙwan jimina,
A cafe ta, a naushe ta, wasan yana ina?
Kai da yara ke kayarwa a langa da rana,
Yau kai ne mai yi mana karatun zakaru, ɗan ƙanena?

Mai Alƙalami:

Hajiya, rashin sani ba zai zamo hujjarki,
1858 ya rubuta wa jarida, buɗe kunnenki:
'Yan kurket na zaman kashe wando da hunturu, jiki ya saki,
A kafa kulob na ƙwallo, a yi doka, a ba su aiki.
Mayun 1859, otal ɗin Parade a Melbon, su huɗu a ɗaki,
Suka tsara dokoki goma. Ke kin tsara ko na girki?

Malam Na-Arulli: Ku dakata. Shekara ba ta shiga kari haka kawai. Karanta 1835 da baki ka ji: gaɓa 16 ce ita kaɗai, ta fi rabin layin. Baitin farko gurgu ne, na biyu da sanda yake tafiya.

Ɗan Kumasi: Malam, kullum kana riƙe da mudu, ba mu taɓa ganin hatsinka ba. Mai Alƙalami, Allah ya ƙara basira, ka gama da su!

Malam Na-Arulli: Yaro, amsa-amo daban, kari daban. In "ki, ki, ki" ce waƙa, ai ƙyauren ɗakina ma sha'iri ne.

Ɗan Kumasi: To ƙyauren ya fi ka, shi yana fitar da sauti.

Baƙon Gadarif: Kuna ta ƙirga gaɓa, kun bar mutumin a baya.

Cikin 'yan asalin ƙasa ya girma, ya iya harshensu,
1861 ubansa ya kai garke Kwinslan, ƙasar wasunsu.
A zangon Cullin-la-ringo masu ƙasar suka kashe 19, uban na cikinsu,
Tom ya tsira, an aike shi ɗauko kaya, ba ya tare da su.
Turawa suka yi ramuwar gayya, suka kashe ninkin ba ninkinsu,
Shekara biyar bayan nan, ga shi kocin 'yan asalin ƙasa, kyaftin ɗinsu,
Ya shiga babban filin kurket na Melbon yana gabansu.

Mai Alƙalami, kirarinka zai ɗauki wannan kayan?

Mai Alƙalami: Ba zai ɗauka ba, Yaya. Ni mutum-mutuminsa da ke ƙofar filin na waƙe, inda yake alƙalancin wasan 'yan makaranta na 1858, mutum 40 kowane ɓangare. Ba ni kwana biyu.

Hajiyar Damagaram: Ku yi haƙuri, kwana uku ba caji. Ga ragowar da ya ɓoye:

1872 alƙalin kurket ya ce jifansa ya saɓa doka, aka kama shi,
Giya ta ci ƙarfinsa, taɓin hankali ya taso shi.
1880, yana ɗan 44, ya soke ƙirjinsa da almakashi,
Shekara ɗari kabarinsa ba ko dutse a kanshi.

Batun girki kuma, ɗan ƙanena, wa ya cinye tuwona ranar suna har da suɗi?

Ɗan Kumasi: Kai! Hajiya ta kwashe. Na sauya sheƙa.

Malam Na-Arulli: Almakashi da kanshi sun zauna daram, Hajiya. Layin farko dai ya yi tsawo da gaɓa 16, in an karanta shekarar.