Likita ya ce za a zuba wa mahaifinmu jininsa ta tiyon ƙirji, ko akwai wanda ya san wannan magani?

Ɗan Bukuru:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, wanda ya yi shekaru yana haƙar kuza kuma ya taɓa jinyar tarin fuka, yana kwance a wani asibiti a nan Jos tun ranar da huhunsa na dama ya sace. An sa masa tiyo a ƙirji wanda ya gangara cikin kwalba mai ruwa, yau fiye da mako guda ke nan, amma duk lokacin da ya yi tari sai ruwan ya riƙa kumfa. Likita ya ce jikin Baba ba zai ɗauki tiyata ba, don haka za a ɗebi jininsa a zuba ta tiyon. Yayyena sun tsorata, ni ma ina neman ƙarin bayani kafin mu sa hannu.

Ma'aikaciyar Jinya, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kumfar da kuke gani alama ce cewa akwai ƙaramar huda a jikin huhun wadda iska ke bi tana fita, kuma idan ta wuce kwana 5 zuwa 7 ba ta rufe da kanta ba, sai a nemi hanyar toshe ta. Wannan ba ƙarin jini ba ne. Ana ɗibar jini daga jijiyar hannunsa, yawanci mililita 50 zuwa 100, a tura shi nan take cikin tiyon tun bai daskare ba, a bi shi da ɗan ruwan gishiri domin kada guda ya tsaya a hanya. Jinin zai kwanta a kan hudar ya daskare, kamar facin da mai gyaran taya ke mannawa, daga baya kuma ya taimaka wa huhun ya manne da bangon ƙirji.

Abin da zan so ku lura da shi shi ne, ba a matse tiyon. Ana ɗaga tsakiyarsa ne a rataya a sandar ƙarin ruwa, sama da ƙirjin majinyaci, ta yadda iska za ta ci gaba da fita amma jinin ba zai iya haurawa ya biyo ta ba. Akan bar shi haka wajen sa'a biyu, wani lokaci a riƙa juya majinyacin daga wannan gefe zuwa wancan. Kada ɗan jinya ya ga tiyon a sama ya sauke shi da nufin gyara.

Likitan Ƙirji, Abuja:

Bayanin 'yar'uwa daidai ne. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1987 wani likita mai suna Robinson ya wallafa sakamakon amfani da ita, kuma ƙa'idojin ƙungiyar likitocin ƙirji ta Birtaniya na 2023 sun ambace ta ga majinyacin da tiyata ba ta dace da shi ba. Ni ina fifita ta a kan magungunan da ake zubawa su ƙona tantanin ƙirji, saboda waɗancan suna da zafi ƙwarai kuma ba sa aiki sosai sai huhu ya buɗe ya taɓa bango, alhali huhun da tarin fuka ko ƙura ta taurara sau da yawa ba ya cika buɗewa.

Sai dai tana da haɗarinta. Idan gudan jini ya toshe tiyon, iska za ta taru ta danne huhu da zuciya, saboda haka idan numfashinsa ya tsananta, ko wuyansa da ƙirjinsa suka kumbura, ku kira ma'aikata ba tare da jinkiri ba. Zazzaɓi mai sauƙi yakan biyo baya, amma wanda ya ƙi sauka na iya nufin mugunya ta taru. Kuma kada hankalinku ya tashi idan kumfar ba ta tsaya a karon farko ba, akan maimaita bayan kwana ɗaya ko biyu.

Ɗan Bukuru:

Allah ya saka muku da alheri. Babbar yayarmu tana tambaya ko jinin da za a ɗiba ba zai ƙara raunana shi ba, sannan yana da niyyar Umara bana.

Likitan Ƙirji, Abuja:

Abin da za a ɗiba bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na ledar da mai ba da gudummawar jini ke cikawa ba, kuma likitansa zai duba yawan jininsa tukuna. Batun jirgi kuwa, sai an cire tiyon, hoton ƙirji ya nuna huhun ya buɗe sarai, sannan a ƙara aƙalla mako guda. Ga mai tsohon ciwon huhu irin na Baba, zan so likitansa ya sake auna numfashinsa kafin ku biya kuɗin kujera.