Hana maganin sa haƙori fari yoyo bayan cire jijiya

Likitocin haƙori da suka tattauna yadda ake sa haƙorin da aka cire wa jijiya ya yi fari daga ciki sun fi jaddada abu guda: kafin a zuba magani cikin haƙorin, a rage cikon saiwa, wato abin da aka cika gurbin jijiyar da shi, a toshe bakin gurbin da simintin haƙori na glass ionomer mai kaurin milimita 2. In an tsallake wannan, maganin kan tsiyaya ta wuyan haƙori, saiwa ta fara zaizayewa, wani lokaci sai bayan shekaru a gane.

Cikin magungunan sa haƙori fari, yawancin likitocin sun fifita garin sodium perborate kwaɓaɓɓe da ruwa a kan ruwan hydrogen peroxide mai ƙarfin kashi 30 cikin ɗari, kuma da gaskiyarsu. Zafafa magani kuwa, a guje shi kawai. Bayan zuba maganin, a rufe haƙorin da murfin wucin gadi mai kauri, a sake dubawa cikin mako guda. Cikon dindindin ya jira mako biyu bayan cire maganin, domin da wuri ba ya kamawa sosai.