Ƙara gilashi na biyu a taga daga ciki, yana rage zafi da ƙura kuwa?

Ɗan Karkada:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku ba ni shawara. Ɗakin Inna tagarsa irin nakon nan ce mai gilasai jere-jere, tana kallon yamma kuma ga gudron, wato titin kwalta, kusa, kabu-kabu da kamiyo ba dare ba rana. In hunturu ya shigo ko an rufe ta sai ka ga ƙura kwance bisa gado kamar ba a share ba, ita kuma tana da asma, tari take kwana yi. In bazara ta zo kuma daga la'asar ɗakin ba ya shiguwa, mun sa mata kilim, na'urar sanyaya ɗaki, amma sanyin bai zama kuma faktir ɗin kuran, wato kuɗin wutar lantarki, sai hauhawa yake. Wani ƙanena da ke Faransa ya ce can ba sa cire tsohuwar taga, wani gilashi suke ƙarawa daga ciki a bar iska tsakani. To mu nan Damagaram zai yi aiki kuwa ko asarar jikkoki zan yi? Akwai wanda ya taɓa yi?

Mai alminiyom na Zango:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Ana yi, ba wani abu ba ne mai wuya, firam na alminiyom ake haɗawa daidai da bakin tagar daga ciki a sa gilashi mai zamewa gefe, sai a bi gefunan da roba da burushin nan siriri a toshe tsakanin firam da bango da silikon. Ga ƙura kam zai yi maka aiki sosai don nako ba ta taɓa rufuwa ruf, kowane gilashi yana hawa kan ɗan'uwansa ne kawai, iska na bi ta tsakani. Kuma ta inda ƙura ke shiga ta nan sanyin kilim ɗinku ke fita. Amma ka tsaya kan mai aikin ya auna sama da ƙasa da tsakiya, tagoginmu na nan da wuya ka sami wadda ta yi daidai ko'ina, in ya bar ƙofa ko ta yatsa ɗaya ce aikin ya tashi banza. Gilashin ciki ka sa mai kauri milimita 6 in na waje siriri ne, in kaurinsu ya bambanta sun fi tare ƙara.

Malamin fizik:
Malam Ɗan Karkada ina so ka raba abu biyu kafin ka kashe kuɗinka, don nan ne mutane ke ruɗewa. Zafi yana shiga ta taga ta hanya fiye da ɗaya. Akwai zafin iskar waje da ke ratsa gilashi a hankali, ka ga a Afirilu da Mayu waje ya haura digiri 40 ɗaki kuma kilim ya sanyaya shi, to wannan gilashi na biyu yana rage shi kusan rabi, saboda iskar da aka kulle tsakanin gilasan ba ta motsi kuma iska mai tsaye ba ta ɗaukar zafi da sauri. Shi ya sa turawa ke yi, su matsalarsu ɗumin ɗaki kar ya gudu waje lokacin sanyi. Amma akwai kuma hasken rana da ke faɗowa kai tsaye, shi wannan farin gilashi ba ya tare shi, gilashi ɗaya yana barin sama da kashi 80 cikin ɗari ya wuce, ka ƙara na biyu ma abin da zai ragu kaɗan ne. In ya shigo ya bugi tabarma da bango da katifa sai ya zama zafi, ga shi kuma ka toshe hanyar fita. Ka tuna motar da aka ajiye a rana gilasai a rufe, to haka ɗakin zai zama in aka ɗauke kuran da la'asar.

Taga mai kallon yamma ita ce mafi wahala don rana tana sauka ƙasa-ƙasa ta shigo tsaye daidai lokacin da iska ta fi zafi, rumfar sama ƙarama ba ta kare ta. Don haka ni shawarata ka fara tare ranar daga WAJE, asabari ko zana a rataya nesa da gilashin kaɗan yadda iska za ta bi ta baya, ko tagar ƙarfe mai filla-filla, in da fili ka dasa dogon yaro ta wannan gefen. Labule daga ciki yana taimakawa amma zafin ya riga ya shigo ɗaki. Bayan ka yi inuwa sannan gilashi na biyu zai nuna amfaninsa.

Sai tazarar tsakani. In don zafi ne kawai santimita 2 zuwa sama kaɗan ta isa, in kana son rage ƙarar gudron ka bar santimita 10 ko fiye in kaurin bangon ya ba da hali. Kuma ka ɗaga kai ka duba sama, rufin kwano ne? da filafon, wato silin, ko babu? In kwano ne tsirara to mafi yawan zafin daga can yake saukowa, ko gilashi nawa ka jera a taga ba zai hana ba. Je ka tsohuwar unguwar Birni ka shiga tsofaffin sorayen ƙasa da tsakar rana ka ji, bango mai kauri, taga 'yar ƙarama, magina na da sun san ranar garin nan.

Hajiya ta Sabon Gari:
Ɗana ni ba zan yi maganar lissafi ba, mun yi a ɗakin yara saboda hazo kuma wallahi ƙurar ta ragu ƙwarai, sanyin asuba na Disamba da Janairu ma ya yi sauƙi. Amma abu ɗaya nake roƙonka saboda Allah, kar ka yarda a manne shi dindindin, ka sa wanda ake buɗewa kuma wanda Inna da kanta za ta iya turawa ba sai ta kira wani ba. Tsofaffinmu in sanyi ya yi kaskon gawayi suke shiga da shi ɗaki, da ɗakin yana da kafofi iska na shiga tana fita, yanzu ka toshe ko'ina, hayaƙin gawayi kuma akwai guba a ciki wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Ka gaya wa duk mutanen gidan ba gawayi ba turaren wuta a ɗakin nan in yana rufe, balle ma mai asma. Da safe in ƙura ta lafa a buɗe ya sha iska.

Ɗan Karkada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam rufin kwano ne amma akwai filafon. Hajiya maganar gawayi ta shige ni don Inna tana yi, zan zauna da ita. Wani ya ce in sa robar nan mai kama da gilashi ta fi sauƙi kuma ba ta fashewa, ya kuke gani?

Mai alminiyom na Zango:
Ba ta da nauyi kam kuma jikoki in sun buge ta ba za ta tarwatse ba, amma a garin nan ban cika son ta ba. Tana jan ƙura, in an goge da busasshen tsumma ta karce, a hankali ta yi dishi-dishi, kuma zafi yana sa ta buɗewa fiye da gilashi sosai don haka in an matse ta cikin firam sai ta lanƙwashe, dole a bar mata ɗan sarari. Wadda ake liƙawa da maganaɗisu mai gam ma gam ɗin yana iya saki a bazara. Ni dai gilashi cikin firam mai zamewa. Sannan in damina ta yi nisa wajen Agusta kana iya ganin raɓa tsakanin gilasan in kilim na aiki, iskar waje mai laima ce ta taɓa gilashi mai sanyi, ka buɗe ka goge kawai. Ka fara rataya asabarin tun yanzu ka ga yadda la'asar za ta kasance, in ka shirya sai a auna tagar kafin iskar hunturu ta taso.