Yarona yana son fannin fim da sauti a sakandare: in bar shi ko in hana?

Uban Yara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar koyarwa ko suke aiki a fagen watsa labarai da nishaɗi. Ɗana na biyu, mai shekara 15, ya kai ajin da ake zaɓen fanni, kuma makarantarsu tana da tsarin koyon sana'a wanda ya ƙunshi ɗaukar hoto da bidiyo, da tace fim, da haɗa sauti, da zanen kwamfuta, da aikin dandamalin wasan kwaikwayo. Yaron ya dage cewa nan zai shiga, kuma ba zan ce sha'awar ta yau ce ba, domin ya fi shekara biyu yana harhaɗa 'yan bidiyoyi a wayar mahaifiyarsa, wasunsu ma ni kaina na yaba.

Abin da ya hana ni sa hannu a takardar shi ne ina tsoron kada a rufe masa ƙofar jami'a tun yana ƙarami, sannan ban ga yadda wannan harka take ciyar da mutum ba in ba ya zama fitacce ba, alhali fitattun ba su da yawa. Shin abin da ake koyarwa a irin wannan fanni sana'a ce ta gaske, ko kuwa wasa ne aka sa masa sunan darasi?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na koyar a sakandare shekaru masu yawa, kuma abin da zan fara cewa shi ne sunan fanni ba ya nuna ingancinsa, domin na ga wanda yake horo ne na gaske, na kuma ga wanda kyamara ɗaya ce a kulle cikin kabad, ana fito da ita ranar da baƙi za su zo.

Koyar da sana'a a sakandare ba sabon abu ba ne. A Amurka gwamnatin tarayya ta fara ba shi kuɗi tun 1917 a ƙarƙashin dokar Smith-Hughes, a lokacin da noma da aikin masana'antu da kula da gida ne kawai ake nufi da sana'a. Dokar Perkins ta 1984, wadda aka sabunta a 2018, ita ce take tafiyar da tsarin yanzu, kuma fasaha da watsa labarai sun daɗe da shiga cikinsa. Jihar Kalifoniya, alal misali, ta kasa koyon sana'a gida 15, ɗaya daga ciki shi ne fasaha da watsa labarai da nishaɗi, shi ma an raba shi hanyoyi huɗu: zane da hoto, wasan dandamali, shiryawa da gudanarwa, sai ƙera wasannin kwamfuta. A Ingila akwai makarantar BRIT da ke Croydon a kudancin Landan, wadda aka kafa a 1991, tana ɗaukar yara daga shekara 14 zuwa 19 ba tare da kuɗin makaranta ba, kuma ƙananan cikinsu suna yin lissafi da Turanci da kimiyya kamar kowane ɗalibi, fasahar ƙari ce a kai. Jamus kuwa ta bi wata hanya dabam, inda matashi yake yin kwana uku ko huɗu na mako a kamfani, sauran a makarantar sana'a, ana biyansa alawus, kuma bayan shekara uku ya fito da takardar shaidar ƙwarewa a haɗa hoto da sauti ko a sarrafa kayan taro.

Na kawo waɗannan ne domin ka lura da abin da suka yi tarayya a kai, wato ba a cire wa yaro darussan asali, kuma akwai alaƙa da masu yin aikin a zahiri. Saboda haka ka je makarantar da kanka, ka tambaya ko darussan da jami'a take nema suna nan cif a jadawalinsa, ka tambayi malamin fannin ko ya taɓa yin aikin da hannunsa, sannan ka ce a nuna maka abin da ɗaliban bara suka yi. Idan aka fara kame-kame a kan na ƙarshen, ka riga ka samu amsarka.

Mai Haɗa Sauti ya amsa:

Ranka ya daɗe, ni a cikin harkar nake, kuma ina so in gyara wani zato da ke cikin tambayarka, wato cewa sai mutum ya zama fitacce zai ci abinci. Ka daure wata rana ka zauna har ƙarshen fim, ka karanta jerin sunayen da ke wucewa bayan an gama. Waɗanda ka gani a fuska ba su kai komai ba idan aka kwatanta da masu fitila, da masu riƙe makirufo, da masu tacewa, da masu gyara launi, da masu gina wurin ɗauka, da masu tsara jadawali da kasafi. Waɗannan su ne mafi yawan ma'aikata, kuma aikinsu bai tsaya a fim ba, domin gidajen rediyo da talabijin, da kamfanonin talla, da manyan tarurruka, da jami'o'in da ke ɗaukar darussa a bidiyo duk suna bukatarsu.

Kuma aikin yana da ilimi a cikinsa, ba danna maɓalli ba ne kawai. Yaron da aka koyar da kyau zai san dalilin da ya sa fim yake tafiya a kan hoto 24 cikin daƙiƙa, talabijin kuma a ƙasashe da dama yake tafiya a kan 25, da abin da ke faruwa idan aka gauraya su ba bisa ƙa'ida ba. Zai san cewa sautin bidiyo ana naɗarsa ne ta hanyar auna shi sau 48,000 cikin daƙiƙa, zai san lissafin wutar da fitilu ke ja kafin ya jona su a layi ɗaya, zai kuma san cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) tana iya lalata ji idan aka wuce awa takwas a cikinta, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage wannan lokaci da rabi. Wannan ai kimiyyar lissafi da ta lantarki ce, sai dai an ɗora ta a kan abin da yaron yake so, kuma na sha ganin yaran da suka tsani lissafi a aji sun koma suna nemansa da kansu saboda sun ga inda yake aiki.

Ni ban samu irin wannan horo a makaranta ba, sai da na girma na koya a hannun mutane, kuma na biya kuɗin jahilcina. A aikina na farko na naɗi hirar yini guda a kan katin ajiya ɗaya, ban kwafe ta ko'ina ba, katin ya lalace, aikin ya tafi, wanda ya ba ni aikin bai sake kirana ba. Ƙa'idar da kowane malami nagari zai koyar a makon farko ita ce kwafi uku a wurare dabam-dabam, ɗaya daga ciki nesa da sauran. Da na ji wannan ina shekara 15, a wurin da kuskure maki kawai yake ci, da ban ji shi ina da iyali ba.

Batun kayan aiki kuma kada ya tsorata ka. Manhajar Blender ta zane mai motsi kyauta ce, Audacity ta tace sauti kyauta ce, DaVinci Resolve ta tace bidiyo ma tana da nau'in da ba a biya, kuma ƙwararru suna amfani da ita. Abin da ake dubawa idan mutum ya zo neman aiki a wurinmu shi ne kundin ayyukansa, da kuma ko yana zuwa a kan lokaci, yana jin gyara, yana iya naɗe waya ba tare da ya karya ta ba.

Hajiya Mai Lura ta amsa:

Ina girmama bayanin malaman nan biyu, amma ina ganin ba a faɗa wa Alhaji ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Ƙanena yana wannan aiki, ƙwararre ne kuma, sai dai mafi yawan ayyukansa na kwantiragi ne, wata uku yana aiki dare da rana, wata biyu yana jiran waya ta yi ƙara, babu albashi tsayayye, babu fansho sai wanda ya tanadar wa kansa. Wannan ba rashin sa'arsa ba ne, haka tsarin harkar yake a ƙasashe da yawa. Ko a Hollywood, inda ake ganin kuɗin yake, marubuta sun yi yajin aiki na kwana 148 a 2023, 'yan wasa ma suka bi su daga Yuli zuwa Nuwamba, kuma cikin manyan abubuwan da suka jawo rikicin akwai raguwar abin da ake biyansu tun da kallo ya koma intanet, da fargabar ƙirƙirarriyar basira. A tsawon watannin nan masu fitila da masu sauti da Mai Haɗa Sauti yake magana a kansu su ma zaman gida suka yi, alhali ba su ne suka kira yajin ba.

Damuwata ta biyu ita ce manhajar da aka koya wa yaro yau tana iya zama tsohon yayi kafin ya gama jami'a, kuma ƙananan ayyukan da sabon shiga yake fara koyo da su, irin su rubuta fassarar ƙasan allo da share hayaniya daga sauti, su ne na'ura ta fara karɓewa. Ban ce a hana yaro ba. Abin da nake cewa shi ne idan fannin bai koyar da rubutu mai kyau, da karanta kwantiragi, da haƙƙin mallaka, da yadda ake sa wa aiki farashi ba, to rabin sana'a aka ba shi. Matashi nawa ne ya san cewa yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, wadda ta faro tun 1886, ta ba mai aiki haƙƙi a kan abin da ya ƙirƙira tsawon rayuwarsa da aƙalla shekara 50 bayan mutuwarsa, amma yana iya sallama wannan haƙƙi gaba ɗaya da sa hannu guda a takardar da bai karanta ba?

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma maganarta ce ta sa nake nanata batun darussan asali. Bambancin da ke tsakanin fanni mai kyau da maras kyau shi ne na farko yana koyar da dalili, wato yadda haske yake faɗa wa fuska da yadda ake jera hotuna su ba da labari, abubuwan da ba sa tsufa, na biyun kuma yana koyar da inda maɓalli yake. Sai dai ina so in ƙara cewa zaɓen da yaro ya yi yana shekara 15 ba ɗaurin rai da rai ba ne. Cikin ɗalibaina akwai waɗanda suka yi fannin suka gano da kansu cewa ba za su iya zaman awa goma gaban allo suna yanka bidiyo ba, suka koma aikin lauya ko injiniya, kuma gano hakan a sakandare ya fi sauƙi a kan gano shi bayan shekara huɗu a jami'a.

Uban Yara ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je makarantar jiya kamar yadda Malam ya ba da shawara. Lissafi da Turanci da kimiyya suna nan a jadawalin, kuma an nuna mini gajerun finafinai uku na ɗaliban bara, biyu daga ciki sautinsu ya fita sarai, ɗaya kuwa da ƙyar na ji abin da ake faɗa. Malamin ya taɓa aiki a gidan talabijin, amma da na tambaye shi batun kwantiragi da haƙƙin mallaka, sai ya ce darasi ɗaya kawai ake yi a kai a shekarar ƙarshe. Zan sa hannu a takardar da sharaɗin makinsa na lissafi ba zai sauka ba. Hajiya, idan ƙanenki zai yarda ya rubuto mana nan abubuwan da yake dubawa a kwantiragi kafin ya amince da aiki, zan so in zauna da yaron mu karanta tare.